Filin Tarihin Mashahurai: Steve Irwin, Gwanin Kamun Kada Da Kunamar Ruwa Ta Yi Ajalinsa

A wannan fitowa, filinmu na tarihin mashahuran mutane ya tsallaka teku zuwa ƙasar Ostireliya domin kawo muku tarihin Steve Irwin, mai gabatar da shirin namun daji a talabijin, wanda duniya ta san shi da kokawa da kada da kuma ɗaukar macizai da hannu. Ya kamata labarin ya ja hankalinmu mu 'yan Jihar Kaduna, domin sunan jiharmu daga kalmar kadduna ya samo asali, wato jam'in kada, saboda yawan da suke da shi a kogin Kaduna a zamanin da. Za mu ga yadda ya taso, da aikin da ya yi, da yadda ya mutu, da kuma yadda mutuwarsa ta raba kan jama'a.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Stephen Robert Irwin ranar 22 ga Fabrairu, 1962, a wata unguwa da ke gefen birnin Melbourne. Mahaifinsa Bob Irwin mai gyaran famfo ne, amma zuciyarsa tana wajen macizai da ƙadangaru da sauran dabbobi masu jan ciki. Mahaifiyarsa Lyn ma'aikaciyar jinya ce, ita kuma ta shahara wajen renon 'ya'yan namun daji da suka rasa iyaye ko suka ji rauni. A shekarar 1970 iyalin suka tattara suka koma Jihar Queensland, inda suka buɗe wani ƙaramin gidan adana dabbobi a garin Beerwah.

A cikin wannan gida Steve ya girma. Ranar da ya cika shekara shida, kyautar da aka ba shi mesa ce mai tsawon fiye da mita uku da rabi. Kamar yadda yaro a nan Saulawa yake tashi ya iske aikin gona ko kiwo yana jiransa, haka shi ma ya tashi da aikin ciyar da dabbobi da share musu wurin kwana. Yana da shekara tara ya kama kada na farko, mahaifinsa na tsaye a kansa yana nuna masa yadda ake yi. Ya yi firamare da sakandare a yankinsu, amma bai yi digiri a jami'a ba. Ilminsa na dabbobi gado ne da kuma doguwar zama da su.

Shekarun kamun kada

Kadan da ke arewacin Ostireliya shi ake kira kadan ruwan gishiri, kuma shi ne mafi girma a cikin dukkan dabbobi masu jan ciki da ke raye a yau. Babban namiji yana iya kai mita shida. Mafarauta sun yi ta harbinsu saboda fatarsu har suka kusa ƙarewa, sai Jihar Queensland ta kafa dokar kare su a 1974. Da suka sake yawa, sai suka fara matsowa kusa da garuruwa da wuraren kamun kifi, mutane kuma suka fara neman a kashe su.

Gwamnatin jihar ta ɓullo da shirin kama irin waɗannan kadduna a raye a kawar da su daga kusa da jama'a. Steve ya shiga shirin a matsayin ɗan sa-kai a shekarun 1980. Yakan yi watanni a cikin fadamun arewa da ƙaramin kwalekwale da karyarsa mai suna Sui. Ƙananan kadduna da dare yake bin su da tocila, domin idonsu yana ƙyalli idan haske ya doke shi, sai ya yi tsalle ya danne su. Manya kuwa da tarkon raga ake kama su, a ɗaure baki da igiya, a rufe idanu domin su natsu. Sirrin abin shi ne ƙarfin kada wajen datse baki yake, amma jijiyoyin buɗe bakin ba su da ƙarfi sosai, don haka idan aka ɗaure shi a rufe, an rage rabin haɗarin. Ta haka ya kama kadduna fiye da 100. Wasu an sake su a wurare masu nisa, wasu kuma an kai su gidan dabbobin iyayensa.

Aure da shiga talabijin

A 1991 ya karɓi ragamar gidan dabbobin daga hannun iyayensa. A wannan shekarar ce wata Ba'amurkiya mai suna Terri Raines, 'yar garin Eugene a Jihar Oregon, ta kawo ziyara ta same shi yana yi wa baƙi bayani a kan kada. Ita ma mai kula da namun daji ce a ƙasarsu. Suka yi aure ranar 4 ga Yuni, 1992. Kwanakin amarcinsu a wajen kamun kada suka yi su, wani abokinsa mai shirya fina-finai, John Stainton, yana ɗaukar su a kyamara. Wannan hoton ne ya zama kashi na farko na shirin The Crocodile Hunter, wato Mafarautin Kada.

An fara nuna shirin a Ostireliya a 1996, sannan tashar Animal Planet ta yaɗa shi a Amurka da sauran duniya, har ya kai ƙasashe fiye da 130. Kafin shi, yawancin shirye-shiryen namun daji daga nesa ake ɗaukar su, mai bayani yana magana a hankali. Shi kuwa Steve, cikin rigarsa ta kaki da gajeren wando, sai ya kwanta rub da ciki a gaban maciji mai dafi, ko ya riƙo wutsiyarsa, yana zaro ido yana yabon kyawunsa da babbar murya kamar mai kirari. Yara suka so shi ƙwarai. A 1998 aka sake wa gidan dabbobin suna zuwa Australia Zoo, a 2002 kuma ya fito a wani fim na silima.

Allah Ya ba su 'ya'ya biyu. An haifi Bindi ranar 24 ga Yuli, 1998, kuma sunan wata kada da yake ƙauna ya sa mata. An haifi Robert ranar 1 ga Disamba, 2003. A tsakanin nan ya yi babban rashi, domin mahaifiyarsa ta rasu a haɗarin mota a watan Fabrairu na 2000.

Manufarsa

Hujjar da Steve yake kafawa a kullum ita ce mutum ba ya kare abin da yake tsoro ko yake ƙyama. Kowa yana son giwa da barewa, amma wa zai tsaya wa kada ko maciji? A ganinsa, idan ya matsa kusa da su ya sa mai kallo ya ji daɗi, to mai kallon zai daina ɗaukar su a matsayin abin kashewa kawai.

Bai tsaya a baki ba. Kuɗin da ya samu ya sayi manyan filaye da su domin su zama mafakar namun daji. A 2002 shi da matarsa suka kafa gidauniyar da daga baya aka san ta da Wildlife Warriors. A 2004 suka buɗe asibitin namun daji domin tunawa da mahaifiyarsa. Ya yi aiki da masana na Jami'ar Queensland wajen maƙala wa kadduna na'urar da tauraron ɗan Adam yake bin sawunta. Binciken ya nuna cewa kadan da aka kai nesa yana iya komawa gidansa, har wani ya yi tafiyar fiye da kilomita 400 a cikin kimanin mako uku. Akwai kuma wani kunkurun ruwa da shi da mahaifinsa suka gano a kogin Burdekin, wanda masana suka raɗa wa sunan Irwin a 1997.

A watan Nuwamba na 2003, yana ɗaukar shiri a tekun Meziko, sai aka sanar ta rediyo cewa wasu masu nutso biyu sun ɓace. Ya dakatar da aikin, shi da mutanensa suka shiga nema, suka ceto mutum ɗaya da rai.

Inda aka zarge shi

Tun yana raye akwai masu ganin abin nasa ya yi yawa. Babbar hayaniya ta tashi ranar 2 ga Janairu, 2004, lokacin da ya shiga kejin wani kada mai tsawon kusan mita huɗu a gaban 'yan kallo, yana rungume da ɗansa Robert mai wata ɗaya a duniya a hannu guda, yana miƙa wa kadan naman kaza da ɗaya hannun. Hoton ya zagaya duniya, masu kare haƙƙin yara suka yi ca a kansa. Ya kare kansa da cewa ya san halin kadan kuma yaron bai shiga haɗari ba. Ba a gurfanar da shi a kotu ba, amma gwamnatin Queensland ta sauya ƙa'ida, ta hana shigar da yara da waɗanda ba su da horo cikin kejin kada. A tsakiyar shekarar kuma aka zarge shi da matsa wa dabbobin yankin Antatika lokacin ɗaukar wani shiri, sai dai binciken hukuma bai same shi da laifi ba.

Ranar ajali

A farkon Satumba na 2006, Steve yana gaɓar tekun arewacin Queensland da jirgin ruwansa mai suna Croc One, suna ɗaukar wani shiri a kan halittun teku masu kisa tare da Philippe Cousteau. Yanayi ya ɓaci, aikin ya tsaya. Da yake shi ba mai iya zama haka nan ba ne, ranar Litinin 4 ga Satumba sai ya ɗauki mai kyamararsa Justin Lyons suka shiga ƙaramin kwalekwale zuwa wani wuri mai suna Batt Reef, kusa da garin Port Douglas, domin samo hotunan da za a sa a shirin yara na 'yarsa Bindi.

A nan suka ci karo da wani faffaɗan kifi mai kama da faifai, mai doguwar wutsiya da ƙaya mai dafi a jikinta. Muna da danginsa a kogin Binuwai da kogin Kwara, masunta Hausawa suna kiransa kunamar ruwa. Wannan kifi ba mafaɗaci ba ne. Yawanci gudu yake yi, kuma akasarin waɗanda yake harbi a ƙafa yake samunsu idan sun taka shi. Ruwan wurin bai wuce ƙirji ba. Steve ya biyo kifin ta baya domin a ɗauki hotonsa yana tafiya, sai kifin ya ɗaga wutsiya ya yi ta sukarsa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ƙayar ta huda ƙirjinsa ta taɓa zuciya. Mai kyamarar ya bayyana daga baya cewa mai yiwuwa kifin ya ɗauki inuwar Steve a matsayin babban kifin da ke farautarsa. Abokan aikinsa suka yi ta ƙoƙarin farfaɗo da shi har suka isa tsibirin Low Isles, inda ma'aikatan lafiya suka tabbatar da rai ya yi halinsa. Yana da shekara 44. Matarsa da 'ya'yansa suna tsibirin Tasmaniya lokacin da labarin ya iske su.

Mutumin da ya yi fiye da shekara talatin yana shiga gaban kada, sai ga shi kifin da ba kasafai yake kisa ba ne ya zama sanadi. Hausawa sun ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Yadda jama'a suka karɓi labarin

Cikin sa'o'i kaɗan labarin ya game duniya. Firaministan Ostireliya na lokacin, John Howard, ya nuna kaɗuwarsa, washegari kuma shi da jagoran 'yan adawa Kim Beazley suka yi jawaban ta'aziyya a majalisar ƙasa. Dubban mutane suka yi tururuwa zuwa ƙofar Australia Zoo suna ajiye furanni da kyandira da zanen yara, wasu suna rubuta saƙo a jikin rigunan kaki irin nasa.

Shugaban gwamnatin Queensland, Peter Beattie, ya yi tayin a yi masa jana'izar ƙasa, irin wadda ake yi wa manyan shugabanni. Iyalinsa suka yi godiya suka ƙi karɓa. Mahaifinsa ya bayyana cewa ɗansa yana ɗaukar kansa talaka kamar kowa, kuma haka zai so a tuna da shi. Aka yi jana'izarsa ta 'yan uwa da aminai kawai ranar 9 ga Satumba, aka binne shi a cikin gidan dabbobin, a wurin da baƙi ba sa shiga. Ranar 20 ga Satumba aka yi taron tunawa da shi a filin wasan kada na gidan, mai ɗaukar mutum 5,500, kuma an ƙiyasta mutum miliyan 300 ne suka kalla a talabijin. Abin da ya fi taɓa zuciyar masu kallo shi ne lokacin da Bindi, 'yar shekara takwas, ta tsaya ta karanta jawabinta tana bin layi da yatsa, ta yi alƙawarin ci gaba da aikin mahaifinta. A ƙarshe aka loda kayan aikinsa a motarsa ta a-kori-kura, aka fita da ita daga filin.

Masu suka

Ba kowa ne ya bi sahun masu yabo ba. Kwana ɗaya da mutuwarsa, wata fitacciyar marubuciya 'yar Ostireliya mazauniyar Ingila, Germaine Greer, ta yi rubutu a jaridar Guardian inda ta nuna cewa Steve ya daɗe yana takura wa dabbobi domin nishaɗin 'yan kallo, kuma a ganinta dabbobin ne suka rama. Rubutun ya fusata jama'a da 'yan siyasa. Da yawa suka ce ko da tana da hujja, ba ranar da ake zaman makoki ake faɗinta ba.

Jean-Michel Cousteau, masanin teku ɗan ƙasar Faransa, ya yi nasa sukan cikin ladabi. Ya yi juyayin rashin, sannan ya nuna cewa bai yarda da salon tsalle a kan dabba da riƙe ta ba, domin a wajensa dabbar daji kallonta ake yi a ƙyale ta. Shi kuwa David Attenborough na Ingila, wanda salonsa na natsuwa ya sha bamban da na Steve, yabonsa ya yi a kan baiwar isar da saƙo da kuma yadda ya sa miliyoyin mutane suka san darajar halittu.

Akwai kuma waɗanda baƙin ciki ya kai su ga aikin jahilci. A makonnin da suka biyo baya, an tsinci kunamun ruwa aƙalla goma a mace a gaɓar tekun Queensland, an yanke wa wasunsu wutsiya. An yi zargin cewa masoyansa ne suke ɗaukar fansa. Shugaban gidauniyarsa, Michael Hornby, ya fito ya yi tir da haka, ya tunatar da su cewa wannan shi ne ainihin abin da Steve ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da shi.

Wani abin kuma shi ne hoton mutuwar. Kyamara tana aiki lokacin da abin ya faru, mutane da yawa suka yi ta neman su gani, har wasu suka riƙa yaɗa hotunan ƙarya a intanet. An miƙa hoton gaskiyar ga 'yan sanda domin bincike, daga nan aka lalata kwafe-kwafensa, ba a taɓa nuna shi ga jama'a ba.

Abin da ya bari

A farkon 2007 aka sa wa hanyar da ta bi ta gaban gidan dabbobin sunansa. A shekarar ce aka keɓe wani daji mai faɗin hekta 135,000 a yankin Cape York da sunansa. Ana tunawa da shi kowace ranar 15 ga Nuwamba. Terri da Bindi da Robert suna ci gaba da riƙe Australia Zoo, kuma zuwa farkon 2020 asibitin da ya kafa ya yi jinyar dabbobi fiye da 90,000. Muhawarar ma ba ta mutu ba. A 2019, da kamfanin Google ya karrama ranar haihuwarsa, ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta sake sukarsa, jama'a kuma suka sake yi mata ca.

Abin da ya shafe mu

Irin wannan jarumta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Muna da gardawa masu wasa da kura da maciji a kasuwanni, muna da Sarkin Ruwa a Argungu wanda ake jingina masa sanin kaddunan Matan Fada. Duk waɗannan sana'o'i ne na gado da ake koya shekara da shekaru a hannun manya. Steve ma haka ya koya, yana da ma'aikata da igiyoyi da magunguna a bayan kyamara waɗanda mai kallo ba ya gani, amma duk da haka kuskuren daƙiƙa kaɗan ya ishe shi. Wanda ya iya ruwa shi ruwa kan ci, balle wanda a waya kawai ya gani.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa ɗalibai, musamman masu zuwa gonakin masara da rake da tumatir a Ikara da Maƙarfi da Kudan, kada wani ya ga bidiyo ya ce zai gwada riƙe kububuwa ko kasa ko kumurci. Idan ka ga maciji, ja da baya ka ba shi hanya, ka sanar da babba. A riƙa sa takalmi mai rufi a gona, a riƙa ɗaukar tocila da dare, kada a zura hannu a rami ko cikin tarin kara. Idan aka yi sara, kada a tsaga wurin ko a tsotsa ko a ɗaure tamau. A hana mutum yawan motsi, a gaggauta kai shi asibiti, domin allurar kashe dafi ita ce magani.

Sannan mu tambayi kanmu ina kaddunan da jiharmu ta ci sunansu, kuma wane hali namun dajin Kamuku a Birnin Gwari da na Yankari a Bauci suke ciki. Ƙone daji domin farautar gafiya da harbin kowane tsuntsu da danƙo suna cikin abubuwan da mu kanmu za mu iya dainawa. Mujiya da maciji suna rage mana ɓeraye a gona da rumbu, ko da ba ma son ganinsu.

Ga tambayar wannan fitowa: shin salon Steve Irwin ya amfani namun daji ne, ko takura musu ya yi? Kuma ya dace a soki mutum a makon da ya mutu idan ana ganin ya yi kuskure? Ɗalibai da malamai masu ra'ayi su rubuta a takarda, su sa suna da aji, su miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta. Za mu liƙa waɗanda suka fi ma'ana a allon nan a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.